Masana'anta Marar Rufi: Tsarin Aiki da Tattalin Jari a Ƙananan Sana'o'in Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda masu ƙananan sana'o'i a Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni suke tsara aikinsu, da yadda suke tattalin abin da ke hannunsu na jari da wuta da kayan aiki da lokaci. An ɗauko misalai daga gyaran waya a kasuwar Farm Centre, da ɗinki, da walda, da gidajen burodi, da sana'ar mata ta cikin gida. Matsayar takardar ita ce, a wannan yanki layin shaguna ne yake samar da kaya, shago kuwa gaɓa ce kawai a jikinsa. Don haka wanda ya auna shago shi kaɗai zai yi kuskuren awo, wanda kuma ya tallafi mutum shi kaɗai bai taɓa inda ciwon yake ba. Takardar ta kuma nuna cewa wani kaso na arahar da ake yaba wa wannan tsari, yaran shago da mata ne suke biyan sa.

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci masana'antu a Kano, hankali yakan tafi Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda ake da dogayen gine-gine da manyan injina da jiniyar shiga da ta tashi. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya karya naira ya kuma tsadar da kayan gyaran injina, masaƙu suka fara tangal-tangal. Rashin wuta da kwararowar yadin Asiya suka ƙarasa da yawa daga cikinsu. Mun daɗe a jami'o'inmu muna zaman makokin wannan rashi, kuma ya cancanci makoki. Sai dai muna ta ƙirga masaƙun da suka rufe, ba mu cika waiwayar inda aikin ya koma ba. Kanawa ba su daina sa sabon ɗinki da Sallah ba. Ba su daina karyawa da burodi ba, ba a daina kai amarya da gado da kujeru ba, ba a daina kafa ƙyauren ƙarfe a sabon gida ba. Akwai masu yin waɗannan duka, yawancinsu a shagon da bai wuce taku biyar ba.

Binciken da Hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a 2020 akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40 a Nijeriya, kuma mafi rinjayensu ba su kai ma'aikata 10 ba. Tambayar da takardar ta sa a gaba ita ce: mutumin da ba shi da tabbacin wuta, ba banki a bayansa, ba akawu a gefensa, ta yaya yake cika alkawarin kwastoma har ya sake buɗe shago gobe? Na nemi amsar ta hanyar zama a shaguna da lura da yadda aiki yake fita daga wannan hannu zuwa wancan, sannan na gwada abin da na gani da ra'ayoyin masana tsarin aiki. Ban ambaci sunan kowane mai shago ba.

2.0 Wurin da ake magana a kai

Tarauni tana cikin ƙananan hukumomin ƙwaryar Kano, hedikwatarta a Unguwa Uku. Mazaɓunta 10 ne, ciki har da Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu da Darmanawa da Daurawa da Babban Giji da Hotoro. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000. Amma abin da ya fi yawan jama'a tasiri a kan sana'a shi ne mazauninta. Titin Zariya da Titin Maiduguri sun ratsa ta, Titin Gidan Zu ya zo ya haɗe da su a wajen Dangi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana tara dubban mutane kullum, kuma kowanensu zai ci abinci, ya sayi magani, ya yi cajin waya. Tashar Unguwa Uku tana ɗauka tana saukewa. 'Yan Katako da 'Yan Lemo na Na'ibawa suna nan a maƙwabta, Kantin Kwari kuma tafiya ɗaya ce a Adaidaita Sahu. Mai sana'a a nan yana tsakanin mai sayar masa da ɗanyen kaya da mai sayen abin da ya ƙera, babu wanda ya yi masa nisa. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan kusanci ya ginu.

3.0 Layi a matsayin masana'anta

Mu fara da Farm Centre. Mutum ya zo da wayarsa ta daina caji, ya miƙa wa wani injiniya da ke zaune a kan ɗan teburi. Injiniyan zai kwance ta, ya auna da mita, ya gano abin da ya ƙone. Ba shi da abin a wurinsa, kuma ba ya bukatar ya ajiye shi. Zai tura yaronsa shago na uku ko na huɗu, wajen mai kayan gyara, ya karɓo ba tare da ya biya ba. In ya dace a yi lissafi da yamma, in bai dace ba a mayar. Idan gilashin sikirin ne za a raba da na ciki, akwai mai injin wannan aiki a gaba kaɗan, ana biyan sa kan kowace waya. Idan matsalar ta manhaja ce, sai a miƙa wa mai kwamfuta ya yi fulashin. Wayar za ta iya ratsa hannu huɗu a cikin awa ɗaya, amma mai ita fuska ɗaya ya sani, kuma wannan fuskar ce za ta ɗauki laifi idan aikin ya ɓaci.

Rabon aiki tsohon darasi ne. Ibn Khaldun ya yi bayaninsa a 1377, Adam Smith kuma a 1776 ya kawo misalin ma'aikata 10 da suke ƙera fil 48,000 a yini saboda kowa ya riƙe gaɓa ɗaya. Bambancin shi ne ma'aikatan Smith suna ƙarƙashin rufi ɗaya da ubangida ɗaya. Na Farm Centre kowa cin gashin kansa yake yi. A 1937 Ronald Coase ya tambayi dalilin da ya sa ake kafa kamfani tun farko, maimakon a riƙa sayen kowace gaɓar aiki a kasuwa. Amsarsa ita ce neman wanda zai yi aikin, da yin ciniki da shi, da tilasta masa ya cika alkawari, duk suna cin kuɗi da lokaci, kamfani kuwa yana rage wannan ɗawainiya. To a layin Farm Centre wannan ɗawainiya ta riga ta yi sauƙi. Nema ba wuya, don kowa yana ganin kowa. Ciniki ba tsawo, don farashin gaɓa sananne ne. Tilastawa kuwa suna ne yake yin ta: wanda ya karɓi kaya da safe ya yi ƙememe da yamma, kafin gobe layi ya sani, ba mai sake miƙa masa ko kan caja. Tunda haka ne, rufi ɗaya ba shi da wani amfanin da zai ƙara.

Alfred Marshall ya ga irin wannan a garuruwan sana'a na Ingila ya rubuta a 1890. Amma ba sai mun je Ingila ba. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus, alhali babu masaƙa ko ɗaya mai bene a ƙasar. Manomi ya noma auduga, mata su kaɗa zare a cikin gida, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya haɗa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga, fatake su ɗauka. Binciken marigayi Philip Shea a kan rini da fataucin baƙin yadi na ƙasar Kano, musamman Kura da kewayenta, ya nuna zurfin wannan sarƙa. Abin da yaran Farm Centre suke yi da wayar da aka ƙera a Sin gadon gida ne, kayan ne kawai suka sauya.

Ɗinki ya fi fito da amfanin tsarin, ya kuma fi fito da rauninsa. Kaftanin shadda ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi yana bi ta hannun mai yanka, wanda galibi maigidan ne da kansa, domin kuskuren almakashi a kan shadda mai tsada ba ya gyaruwa. Daga nan yara su haɗa, a kai wa mai wibin, a kai wuya da aljihu wajen mai aikin kwamfuta, a huda gidan maɓalli, a ƙare da guga. Injin aikin kwamfuta ya fi ƙarfin aljihun yawancin teloli, kuma ko da tela ya iya saye, aikin shagonsa kaɗai ba zai hana injin zaman banza ba. Sai mutum ɗaya ya saya, teloli da yawa su riƙa kawo masa. Injin ba ya hutawa, su kuma jarinsu bai nutse a cikin ƙarfe ba. A ma'aunin masana, wannan tattali ne na gaske.

Raunin yana bayyana da azumi. Kowa ya san alkawarin tela, kuma mun saba ɗora shi a kan rashin gaskiya. Ban wanke teloli gaba ɗaya ba, amma na yi imani yawancin abin lissafi ne ya kuskure. Tela yana karɓar ɗinki ne gwargwadon abin da kekunansa za su iya haɗawa. Ba ya lissafa cewa duk telolin layin wajen mai inji ɗaya za su kai wuya, a mako ɗaya. Eliyahu Goldratt ya gina ra'ayinsa na 1984 a kan wannan batu, cewa saurin aiki duka yana ɗaure ne da gaɓar da ta fi kowace ƙunci, kamar yadda bakin mazurari yake yanke yawan man da zai shiga kwalba. Ƙara keke ko ƙara yaro ba ya fitar da riga ko ɗaya idan cunkoson yana wajen mai aikin wuya. Telolin da suka gane haka sukan yanka wuya su tura tun kafin su taɓa jikin rigar, su kuma rufe karɓar ɗinki tun farkon azumi ko da kwastoma zai yi fushi. Su ne ba sa kwana a shago daren Sallah suna ɓuya.

4.0 Wuta ce mai raba lokaci

Littattafan da muke koyarwa da su suna ɗauka cewa manaja ne yake tsara jadawalin aiki. A Tarauni wuta ce take tsarawa. Mai walda yakan raba aikinsa gida biyu: awo da yanka da jera ƙarfe idan babu wuta, ɗinke ƙarfen kuma duk sa'ar da aka kawo, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kafinta yakan tara duk abin da ke bukatar inji ya kai wa mai injin gogewa a tafiya ɗaya. Matar da ke yin zoɓo da kunun aya tana duba firiza kafin ta jiƙa aya, in ba sanyi ta sayi ƙanƙara ko ta rage yawa, don kunun aya ba ya jiran kowa.

Shekarun 2023 da 2024 sun tsananta lissafin. Kafin a cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000. Mu ƙaddara janaretan tela yana shan lita ɗaya a awa, yana kuma aiki awa 6 a yini. Abin da a da bai kai naira 1,200 ba ya koma sama da naira 6,000, kuma ladan ɗinki bai ninka sau biyar ba. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga ƙasa da naira 70, bisa alkawarin awa 20 a yini. Wanda ke wannan rukuni ya sami wuta da tsada, wanda ba ya ciki ya ci gaba da jira.

Amsar da layi ya bayar ta sake nuna halinsa na tarayya. Wutar maja, inda mutum ɗaya yake girke babban janareta ya ja wa shaguna waya yana karɓar kuɗi gwargwadon ƙwai da na'urar da kowa ya jona, ta fi kowa ya tayar da nasa ƙaramin inji araha. Sola ta shigo da ƙarfinta, ta ɗauke fitila da fanka da caji da ƙananan kekuna. Ba ta kai ga ɗaukar walda ko babban dutsen guga a kuɗin da mai shago zai iya ba, shi ya sa dutsen gawayi bai bar shagon tela ba har yau. Gidajen burodi da yawa kuma itace suke ƙonawa. A can zafi ne jarin: ana kwaɓi da murji cikin dare, a jera gwangwanaye yadda da zarar tanda ta yi zafi ba za ta zauna ba komai ba har a gama. Gidan da kwaɓinsa ya makara, itacensa ya ƙone a banza. Wannan dabara ce mai kyau a cikin gida, amma kuɗinta na gaskiya dazuzzukan Arewa ne suke biya.

Akwai kuma farashin da ba a gani sai ranar da ya zo. Wayoyin maja da na sola da na kamfanin rarraba wuta suna cakuɗe a rufin kwano ɗaya, batura suna jibge a ɗakin da iska ba ta shiga. Farm Centre, wadda ta riga ta ga tashin bam a Nuwamban 2015, ta yi gobara ranar Babbar Sallah a Yunin 2025, shaguna masu yawa suka ƙone. Kusancin da ya sa gyaran waya yake fita cikin awa ɗaya, shi ne ya ba wutar hanyar tsallakawa daga shago zuwa shago. Kuma da yake bashin juna ne ya ɗaure layin, ƙonewar sito ɗaya ta taɓa har waɗanda wutar ba ta kai teburinsu ba.

5.0 Jari, kwantai da amana

Kamfanin Toyota ya yi suna da tsarin da Taiichi Ohno ya gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu, na kada a tara kaya a sito, a kawo kowane abu daidai lokacin da ake bukatarsa. Wanda ya ga kafintan Titin Zariya yana zuwa 'Yan Katako ya sayo daidai katakon gado ɗaya zai ce ai ga shi nan. Amma kamancin a ido kawai ya tsaya. Toyota zaɓa ta yi, kafinta kuwa rashin jari ne ya zaɓa masa. Kuma tsarin yana amfani ne inda farashi yake zaune. Daga Yunin 2023 zuwa Fabrairun 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500. Sikirin daga Sin yake zuwa, fulawa kuma mafi yawan alkamarta daga waje ake shigo da ita. Mai kayan gyara da ya sayar bisa tsohon sari ya ga riba a hannu, ya koma sari ya tarar kuɗin ba za su mayar da abin da ya fita ba. Da yawa a wannan lokaci suka cinye uwar kuɗi ba tare da sun yi almubazzaranci ba. Waɗanda suka tsira su ne suka koyi sa farashi bisa sarin yau.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, to ina ruwan cikin yake fitowa? Ba daga banki ba. A Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke bayarwa, ga jingina, ga ƙyamar riba da addini ya dasa a zukatan mutane. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012 da tsarin da ba ruwa, wasu sun biyo baya, amma mai teburi ɗaya bai cika kaiwa ga ƙofarsu ba. Jarin aiki yana fitowa ne daga kafin alƙalami, inda kwastoma yake ba da kuɗin katako ko na ƙarfe tun kafin a fara. Yana fitowa daga adashi, da kuma daga maigida mai ba da kaya a sayar a kawo kuɗi. Abner Cohen ya bayyana irin wannan amana a littafinsa na 1969 a kan fataucin goro da shanu a Sabo ta Ibadan, inda shanu suke fita bashi ba takarda, maigida ne jingina. Gidan burodi ma haka yake yi da masu shayi da masu kanti: a sauke da safe, a karɓi kuɗin jiya. Gwanintar mai gidan burodi ba ta tsaya a kwaɓi ba, tana ga sanin yawan da kowane mai shayi zai iya sayarwa, domin kwantai a kansa yake komawa.

Ta fuskar kayan aiki, ba na jin akwai abin da za a koya wa wannan yanki game da hana asara. Ƙyallen tela yana komawa matashi, garin katako yana tafiya gidan kaji, guntun ƙarfe 'yan gwangwan suna jiran sa, matacciyar waya kuma sito ce ta kayan gyara. Asarar da ta yi katutu ita ce wadda Ohno ya lissafa cikin nau'o'in ɓarna bakwai, wato jira. Jiran wuta, jiran mai inji, jiran kwastoma ya cika kuɗi. Yara huɗu suna zaune rabin yini, ba wanda ya rubuta wannan a matsayin faɗuwa.

Rubutun ma shi ne babban giɓi. A shaguna da yawa aljihu ɗaya ne: daga nan ake sari, daga nan ake cefane, daga nan ake gudummawar biki. Maigida ya san ciniki, bai san riba ba, kuma ba ya cire kuɗin tsufan inji, sai ranar da injin ya tsaya ya shiga neman rance. Abin yana ba ni takaici, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya jefa mutane cikin wahala, amma ya tura har mai shayi ga karɓar taransifa. Yanzu akwai tarihin ciniki a cikin wayar kusan kowane mai shago. Saura a koya masa karanta shi.

6.0 Wa yake biyan arahar?

Zai zama rashin adalci a yabi wannan tsari a tsaya nan. Wani ɓangare na sauƙin farashinsa daga gumin yaron shago yake fitowa. Yaro yakan yi shekaru yana aiki a kan kuɗin abinci da na mota, ba ranar sallama da aka yanka, ba abin da aka rubuta cewa za a ba shi idan ya ƙware. Akwai iyayen gida na kirki da suke yaye yaransu da keke ko da jari, suna nan da yawa. Amma abin ya rataya ne a kan halin mutum. 'Yan kasuwar Ibo na Sabon Gari sukan yanka shekarun tun ranar da aka kawo yaro, a gaban iyayensa. Dokar 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan duk shagunan da muke magana a kansu. Ga hayaƙin dalma da injiniya yake shaƙa, ga idon mai walda da baƙin tabarau na kasuwa ne kawai kariyarsa.

Mata kuma suna riƙe da babban reshe na samar da kaya wanda ba a ganin sa daga titi: abincin sayarwa, cincin, dambun nama, turaren wuta, ɗinkin mata. Enid Schildkrout ta nuna tun shekarun 1970 cewa sana'ar matan birnin Kano a kan tallar yara take tafiya. Yau WhatsApp da Instagram da ɗan Adaidaita Sahu sun karɓi wani kaso na aikin da yarinya mai faranti take yi, kuma duk yarinyar da wannan ya mayar aji riba ce. Sai dai mai sana'ar cikin gida ba ta cikin layi. Ba ta samun maja, ba ta samun kaya bashi da safe, kuma lokacinta ba ya shiga farashi.

Sannan ga mutuwa. Ilimin shago da sunayen masu bashi suna kan maigida. Ranar da ya faɗi, a raba gado, a sayar da inji, yaran su watse. Sana'ar da ta yi shekara 30 tana iya ƙarewa kafin a yi sadakar arba'in.

7.0 Inda ya kamata a sa hannu

An saba tallafa wa sana'a ta hanyar raba kekuna da 'yan kuɗaɗe ga mutane ɗai-ɗai a filin taro. Bayanin da ya gabata ya nuna dalilin da ya sa hakan ba ya daɗewa: an ƙara keke a inda ba keke ne ya yi ƙaranci ba. Abin da ya ƙuntata na tarayya ne, don haka maganin ma na tarayya ne. Akwai misali a cikin garin nan. Bayan gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016, Hukumar Samar da Wuta a Karkara ta shigo da shirin sola na kasuwa a 2018, shaguna suna biya gwargwadon abin da suka sha. Jami'ar Bayero ta sami tashar sola mai megawat 7.1 a 2019. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Babu abin da ya hana a yi wa Farm Centre da layukan teloli da masu walda na Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku ƙaramar tasha ɗaya mai wayoyi a tsare, da mita a kowane shago, da hanyar da motar kashe gobara za ta iya shiga. Masu maja na yanzu su ne suka san bukatar kowane shago, a shigo da su cikin aikin, kada a ture su.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma suna da nasu. Tunda suna ne jinginar layi, ƙungiya za ta iya tsaya wa 'ya'yanta a bankin da ba ruwa, ta yi sarin fulawa ko zare a dunƙule, ta kuma fito da takarda mai shafi ɗaya da Hausa wadda maigida da uban yaro za su sa wa hannu, mai ɗauke da shekarun koyo da abin sallama. A buɗe wa mata masu sana'ar gida rajista a cikin wannan tsari ba sai sun kama shago ba.

Mu kuma malamai, kiran ya fi kusa da mu. Ɗalibanmu na sashen kasuwanci da na akanta a Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano suna haddace tsarin Toyota, alhali ba su taɓa bin kaftani ɗaya daga almakashi zuwa guga da agogo a hannu ba. Ina roƙon shugabannin waɗannan sassa su tura ɗaliban da za su fita koyon aiki zuwa waɗannan layuka, kowane ɗalibi da shago ɗaya da littafin shiga da fita da aka rubuta da Hausa, su fara tun kafin watan Sha'aban, lokacin da teloli suke soma karɓar ɗinkin Sallah.